P&ID: salon shari'ar Ingila ne ya kusa cinye mu, ko shi ne ya cece mu?

Sadiq Kaduna:
Salamu alaikum 'yan gida. Akwai maganar da na daɗe ina so in jefo a nan, manya ku gyara min in na kauce. Ni a ganina abin da ya kusa ɗora wa Najeriya bashin sama da dala biliyan 11 a shari'ar kamfanin nan da aka ba kwangilar gina masana'antar sarrafa iskar gas a Kalaba wato P&ID ba cin hanci kaɗai ba ne, har da salon shari'ar da aka bi. Alƙalan sasancin nan uku, Lord Hoffmann da Sir Anthony Evans da Cif Bayo Ojo, dukkansu tarbiyyar kwamon lo ce, wato tsarin shari'ar Ingila, kuma a wannan tarbiyya alƙali zama yake ya naɗe hannu, lauyoyi su kawo abin da za su kawo, wanda ya fi shiri ya tafi da shi. Kamfani ko bulo ɗaya bai aza a Kalaba ba, amma a Janairun 2017 aka ce a biya shi ribar da wai zai samu cikin shekara 20, dala biliyan 6.6, ga ruwa kashi 7 cikin ɗari a shekara, in ka lissafa kullum sai sama da dala miliyan ɗaya ta hau kai. Da Bafaranshe ne ko Bajamushe ke shugabantar zaman nan, wanda ya saba shi ke tono da kansa, ai da ya tambayi ina zanen injiniya, ina rasit ɗin dala miliyan 40 da aka ce an kashe. Ko ya kuka gani?

Tsohon Barista:
Wa alaikumus salam Sadiq. Ka fara da kyau amma ka tsaya a rabin labari. Wa ya rushe hukuncin? Kotun kasuwanci ta Landan, Mai shari'a Robin Knowles, 23 ga Oktoban 2023. Da me aka rushe shi? Da abu biyun da 'yan sibil lo, masu bin tsarin shari'a irin na Faransa da Jamus, suka fi yi mana gori a kai, wato tilasta wa abokin shari'a ya fito da takardunsa ko da za su kashe shi, da kuma titsiye shaida a gaban alƙali kwana da kwanaki. Ta hanyar fito da takardun nan ne aka gano ana biyan wata tsohuwar babbar jami'ar shari'a ta ma'aikatar man fetur kuɗi tun lokacin kwangilar har cikin shari'ar don ta yi shiru, kuma aka gano takardun sirri na lauyoyin Najeriya suna hannun P&ID, suna karanta abin da muke shiryawa kafin mu faɗa. Ka gaya min a wace kotun Paris za a sa kamfani ya juye maka imel ɗinsa da saƙonnin wayarsa na shekaru haka.

Sadiq Kaduna:
Ranka ya daɗe ban musa ba, amma wannan kotu ce ba abitireshan ba, wato ba zaman alƙalan sasancin ba ne. Kuma sai da aka yi shekara shida ana fama, da alƙalin kotun Landan Sir Ross Cranston bai ƙara mana lokaci a Satumban 2020 ba ai shi ke nan, doka kwana 28 kacal ta bayar a ƙalubalanci hukunci. Ni tambayata a kan zaman farko ne.

Metir Damagaram:
Ina gaida Barista babba. Ni aboka ne, wato lauya, a nan Nijar, mu karatun Faransa muka gada, to bari in ɗan gyara wani abu da 'yan uwa na Najeriya ke yawan faɗa, wai alƙalinmu shi ke bincike da kansa kamar ɗan sanda. A shari'ar laifi haka ne, akwai alƙali mai bincike. Amma a shari'ar kuɗi da kasuwanci mu ma ɓangarori ne ke kawo dosiyensu, wato takardun shari'arsu, bambancin shi ne mu takarda muke girmamawa ba bakin mutum ba. Kwangila, wasiƙun da aka yi musaya lokacin da abin ke faruwa, rasit, rahoton ƙwararre. Mai kamfani ya zo ya rubuta labarin kansa ya sa hannu a ce wannan shaida ce, a wajenmu ba ta da nauyi sosai don kowa ya san mutum ba zai faɗi abin da zai kashe shi ba. A shari'ar da kuke magana Michael Quinn, ɗaya daga cikin masu kamfanin, ya rubuta bayaninsa, ya rasu a 2015 kafin a zauna sauraro, babu wanda ya yi masa tambaya ko ɗaya, kuma a kan wannan bayani aka ɗora gini. Wannan shi ne abin da ke ɗaure mana kai, ku da kuke cewa titsiye shaida shi ne ke fito da gaskiya sai ga shi an karɓi maganar wanda ba a titsiye ba.

Tsohon Barista:
Metir ka taɓa inda yake ciwo. Amma laifin wa? A tsarinmu abin da ba ka ƙalubalanta ba ana ɗauka ka yarda da shi. Aikin lauyan Najeriya ne ya tashi ya ce wannan bayani ba mu yarda ba, a kawo takardun da ke goyon bayansa, a kawo wani daga kamfanin mu yi masa tambayoyi. Ba a yi yadda ya kamata ba. Tsari ne da aka gina a kan cewa ɓangarori biyu kowa ya zo da shirinsa, kamar dambe ne, alƙalin wasa ba zai kai maka naushi ba don ya ga hannunka ya yi sanyi.

Anti Lauya:
To Baba ai nan ne maganar Sadiq ta shigo. Shi kansa Knowles a ƙarshen hukuncinsa bai tsaya a rushewa kawai ba, ya yi tsokaci a kan abitireshan gaba ɗaya, kuma cikin abin da ya ɗago akwai wannan tambaya, idan alƙalan sasanci suna kallo ƙarara ɓangare ɗaya ba ya kare kansa yadda ya kamata, kuma kuɗin da ake magana kuɗin al'umma ne mai yawa haka, shin bai kamata su ƙara sa baki kai tsaye ba? Ya kuma yi magana a kan sirrin da ke lulluɓe irin wannan shari'a, babu ɗan jarida babu jama'a, ga maganar yadda gwamnatoci ke sa hannu a manyan kwangiloli ba tare da ƙwararru sun duba ba. Kenan alƙalin kwamon lo ne da kansa yake cewa naɗe hannun nan yana da iyaka. Kuma abin da mutane ba su lura ba, dokar abitireshan ta Ingila ta 1996, sashe na 34, ta ba alƙalan sasanci dama su yanke ko su da kansu za su tashi su nemi gaskiyar abin da ya faru da kuma dokar da ta dace. Doka ba ta ɗaure musu hannu ba, sabo ne ya ɗaure.

Sadiq Kaduna:
Anti Allah ya ƙara ilimi, abin da nake ta kame-kamen faɗa kenan.

Alhaji Kwari:
Ku yi haƙuri da ni malamai, ni ɗan kasuwa ne ɗana ne ya sa ni a gidan nan. Wai ita wannan abitireshan ɗin ba kotu ba ce? In ba kotu ba ce me ya sa ake kama jiragen ƙasa guda a kanta, na ji an taɓa riƙe jiragen shugaban ƙasa a Faransa.

Anti Lauya:
Alhaji barka da zuwa. Ba kotun gwamnati ba ce, ku ne da abokin cinikinku tun a cikin kwangila kuke rubutawa cewa in rigima ta taso ba za mu je kotu ba, za mu zaɓi mutum ɗaya ko uku su yanke mana, yawanci kowa ya zaɓi ɗaya sannan a samo na uku ya shugabanta. Ƙarfinta daga yarjejeniyar New York ta 1958 yake, ƙasashe sama da 170 sun shiga, Nijar ta shiga a 1964 Najeriya a 1970, kuma ma'anarta in an yanke hukunci a wata ƙasa za ka iya ɗaukarsa ka kai kotun wata ƙasar ta tilasta biya, ba tare da ta sake sauraron shari'ar daga farko ba. Jiragen da ka ji a Agustan 2024 ne, wani kamfanin China mai suna Zhongshan ya ci Najeriya a kan rigimar yankin ciniki a jihar Ogun, ya bi dukiyar ƙasa duk inda ya gan ta.

Alhaji Kwari:
Ikon Allah. To ni da nake aika kaya Maraɗi da Damagaram, in muka rubuta takarda da mutanen can wanne zan ce a bi, naku ko nasu Metir?

Metir Damagaram:
Alhaji in da ni ne lauyan mutanenka na Maraɗi zan ce a rubuta CCJA, kotun OHADA da ke Abijan. OHADA yarjejeniya ce ta 1993 da aka sa wa hannu a Port-Louis, ƙasashe 17 ne, Nijar da Chadi da Kamaru duk suna ciki, dokar kasuwanci ɗaya muke bi, kuma dokar sasancinmu ta 1999 an sabunta ta a 2017. Daɗinta shi ne hukuncin da aka yi ƙarƙashin CCJA in kotun ta sa masa hannun zartarwa yana aiki a duk ƙasashen 17, ba sai ka bi kotu-kotu ba. In dukiyar abokin cinikinka a Nijar take to wannan ya fi maka sauƙi a kan ka ɗauko hukunci daga Legas ko Landan. Kuma kuɗin shari'ar bai kai na Landan ko kusa ba.

Tsohon Barista:
Metir ka faɗi zaƙin ka ɓoye ɗacin. Gaya masa labarin kamfanin Getma da ƙasar Gini.

Metir Damagaram:
Hahaha Barista ba ka barin ta kwana. Gaskiya ne, rigimar tashar jiragen ruwa ta Konakiri ce, Getma ta ci shari'ar a 2014, sai CCJA ta soke hukuncin a Nuwamban 2015 don alƙalan sasancin sun daidaita da ɓangarori a kan kuɗin aikinsu fiye da abin da kotun ta yanka musu. An yi surutu sosai a kai har a Paris, wasu na cewa an hukunta kamfani a kan laifin da ba nasa ba. Amma ni ina kallonsa ta wata fuska, a wajenmu ƙa'idar da aka rubuta ita ce ƙa'ida, kun shiga tsarin CCJA kun san ita ke yanka kuɗi. Kotun Amurka ma da Getma ta kai hukuncin can ta ƙi zartar da shi bayan sokewar.

Ɗan Abakwa:
Ina sauraronku daga Bamenda. Mu a Kamaru wannan rigima ta kwamon lo da sibil lo ba ta littafi ba ce, a cikin gida muke zaune da ita, jihohin Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma tsarin Ingila sauran takwas tsarin Faransa. Yajin aikin lauyoyi na 2016 da ya zama mafarin rikicin yankunan masu magana da Ingilishi, cikin koke-kokensu akwai turo alƙalai masu horon Faransa kotunan kwamon lo da kuma dokokin OHADA da ba a samar da su da Ingilishi ba. Don haka duk wanda ya ce bambancin ya mutu, tsari ɗaya ne yanzu a duniya, ni dai ina ɗan murmushi. Lauyan da ya tashi da sanin cewa hukuncin babbar kotu na baya doka ne da ya ɗaure alƙali, da wanda ya tashi da sanin cewa kundin doka ne gaba sannan sharhin manyan farfesoshi, ko sun zauna teburi ɗaya ba abu ɗaya suke ji ba in an ce kawo hujja.

Anti Lauya:
Ɗan Abakwa gaskiyarka, amma a abitireshan ta ƙasa da ƙasa an daɗe da yin gauraye, shi ya sa ma nake ganin tambayar da Bafaranshe ne da Bajamushe ne ba ta kai inda Sadiq yake so ba. Ku duba yadda ake yi yau. Rubutun ƙara dogo ne, ka haɗa labari da doka da duk takardunka da bayanan shaidunka ka miƙa gaba ɗaya tun farko, wannan salon Turai ne, ba irin namu na gajeren rubutu a bar sauran sai ranar zama ba. Zaman sauraro gajere ne, sati ɗaya ko biyu ko da kuɗin ya kai biliyan. Amma shaida yana rubuta bayaninsa sannan lauyan ɗaya ɓangaren ya titsiye shi, wannan namu ne. Kotun sasanci ta ICC, ƙungiyar 'yan kasuwa ta duniya, a Paris take tun 1923 kuma tana da takardar nan da ake fara rubutawa a ƙayyade abin da ake rigima a kai kafin a shiga shari'a, ɗabi'ar Faransa ce zalla, amma a ƙarƙashin ICC ɗin ne a Janairun 2025 Obasanjo da marigayi Buhari suka je Paris suka ba da shaida a rigimar Mambilla da kamfanin Sunrise. Tsofaffin shugabannin ƙasa biyu a kujerar shaida, a Paris. To wane tsari kenan?

Maganar takardu kuma dokokin IBA, ƙungiyar lauyoyi ta duniya, su ne kusan kowa ke bi, na 1999 da aka gyara a 2010 da 2020. Ba irin na Amurka ba ne da za ka ce a ba ni duk abin da ya shafi kwangilar, dole ka faɗi takarda kaza ko wani ƙayyadadden rukuni mai ƙunci, ka nuna tana da alaƙa da shari'ar kuma za ta iya sauya sakamako, ɗayan ya kawo uzurinsa, alƙalai su yanke, duk a cikin jadawalin nan da ake kira Redfern. In an ce ka kawo ka ƙi ba dalili, suna iya ɗauka cewa abin da ke ciki ba ya goyon bayanka. Kuma alƙalan da kansu suna iya neman takarda ko ba wanda ya roƙa. Har akwai inda aka ce shaidan da aka nema ya zo bai zo ba babu ƙwaƙƙwaran dalili a jingine bayaninsa. Kayan aiki duk suna nan.

Metir Damagaram:
Hajiya ki yi min afuwa, ku kuna kiransa gauraye mu muna ganin naku ne ya rinjaya. IBA ɗin nan a takarda ƙayyadadde ne amma je ki ga yadda ake yi, buƙatu tuli, wata uku ana musayar jadawali, lauyoyi na cajin awa, a ƙarshe takarda biyu ko uku ce za ta yi amfani. Shi ya sa lauyoyin Turai ta gabas da Rasha da wasu suka fito da dokokin Prag a Disamban 2018, suka ce alƙalan sasanci su riƙe ragama tun zaman farko, su faɗa wa ɓangarori ga abin da muke ganin shi ne gaɓar rigimar, ga hujjar da muke buƙata, har suna iya nuna inda hankalinsu ya fara karkata, a guji tonon takardu sai wadda aka ambata da sunanta, su rage shaidun da ba su da amfani, su ɗauko nasu ƙwararren in da buƙata, in ɓangarori ba su ƙi ba ma su taimaka a yi sulhu. Bajamushe wannan shi ne abincinsa na kullum, alƙali ya dube ka ya ce ƙararka tana da rauni a nan, je ka shirya da ɗan'uwanka.

Tsohon Barista:
In alƙalin sasanci ya gaya min inda hankalinsa ya karkata kafin in kira shaida na farko, washegari zan shigar da takardar a cire shi. Kuma Metir ka amsa min wannan tsakani da Allah, da dokokin Prag aka bi a P&ID, a guji tonon takardu, ta ina za a ga kuɗin da aka tura wa jami'ar nan? Wanda ya ba da cin hanci ba ya haɗa rasit ɗin a dosiye.

Metir Damagaram:
Tsakani da Allah ba za a gani ta nan ba. Amma ba a gani a zaman naku ba ma ai, sai bayan EFCC ta shiga, Najeriya ta je kotun New York a 2020 ta nemo bayanan bankuna, sannan kotun Landan ta yi nata. Mu kuma hanyarmu daban ce, kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ba ta jiran sai an kawo mata rasit ɗin cin hanci, in ta ga alamomi masu nauyi, bayyanannu, masu gaskata juna, tana soke hukunci. Haka ta yi a shari'ar Belokon da ƙasar Kirgistan a 2017 a kan zargin wanke kuɗin haram, kuma babbar kotun Faransa ta tabbatar a 2022. Kamfanin da ba shi da tarihin gina irin wannan masana'anta, rajista a tsibiran Virgin na Birtaniya, kwangilar shekara 20 a 'yan shafuka, waɗannan a idon alƙalin Paris alamomi ne da za su sa ya gyara zama. Kuma kar a ɗauka mu ba ma tilasta fito da takarda sam, dokar Faransa ta 2011 ta ba alƙalan sasanci ikon su umarci wanda ke riƙe da hujja ya fito da ita har da tarar kullum in ya ƙi.

Malam Na Zaure:
Assalamu alaikum. Ina ta karatu ina jira in ji ko wani zai tuna akwai tsari na uku, shiru. Tahkimi, wato sasanci a shari'ar Musulunci, ba baƙo ba ne a wajenmu, Alƙur'ani ya yi umarni da hakami daga dangin miji da hakami daga dangin mata in an ji tsoron ɓaraka, kuma kowa ya san tahkimin da aka yi bayan Siffin tsakanin Abu Musa al-Ash'ari da Amr bin al-As. Ƙa'idarmu hujja a kan mai da'awa rantsuwa a kan wanda ya musa. Alƙalin Malikiyya ba ya naɗe hannu, shi ke tantance waye mai da'awa waye wanda ake ƙara, shi ke tambaya, ana bincika adalcin shaida kafin a karɓi maganarsa, kuma ba ya yanke hukunci sai ya yi izari, ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran abin cewa. Shaidar mutum a kan abin da shi zai amfana kuwa ba ta karɓuwa tun asali, don haka bayanin mai kamfani a kan kamfaninsa da'awa ce ba shaida ba. Kuma Sadiq kar ka manta yadda Turawa suka fara da mu a wannan fage, a 1951 a rigimar mai ta Abu Dhabi Lord Asquith ya ce babu wata doka a can da za a iya warware kwangilar zamani da ita, ya ture ta gefe ya ɗauko abin da ya kira ƙa'idojin gama-gari, waɗanda da ka duba ƙamshin dokar Ingila ne ke tashi. Larabawa sun daɗe ba su manta wannan ba.

Sadiq Kaduna:
Allah ya gafarta Malam, wannan na da'awa ce ba shaida ba ya yi daidai da abin da Metir ya faɗa a sama. Kenan biyu cikin uku ba za su ɗauki bayanin Quinn da nauyi ba.

Tsohon Barista:
Sadiq kar ka yi saurin ƙirga ƙuri'a. Akwai abu ɗaya da kwamon lo ta ba ka a wannan shari'a tun 2017 wanda ba ka ambata ba. Bayo Ojo bai yarda da sauran biyun a kan kuɗin ba, ya rubuta nasa ra'ayin daban ya ce dala miliyan 250 ce ta dace. Wannan al'adar alƙali ya fito fili ya ce ban yarda da abokan zamana ba ga dalilina, tamu ce. A kotunan Faransa abin da alƙalai suka tattauna sirri ne, hukunci ɗaya ke fita da sunan kotu, ba ka sanin wa ya ja wa ya saki. Tazarar da ke tsakanin miliyan 250 da biliyan 6.6 ita kaɗai ta isa ta tada duk wanda ke barci a Abuja.

Anti Lauya:
Baba amma a abitireshan kusan duk ra'ayin saɓani da ake rubutawa daga wanda ɓangaren da ya faɗi ya naɗa yake fitowa, shi ya sa ba a cika ba shi nauyi ba, ana cewa ya yi wa wanda ya kawo shi kara ne. Ba ina cewa haka ne a nan ba, lissafinsa ya fi kusa da hankali nesa ba kusa ba.

Wani abu da ya fi damuna kuma ba mu taɓa ba shi ne mazaunin shari'a. Kwangilar 2010 ta ce dokar Najeriya za a bi, ta ambaci dokar sasancinmu ta 1988, sannan ta ce wurin zama Landan. Najeriya ta ce Landan ɗin wurin taro ne kawai, kotunanmu ne ke da ikon sa ido, har aka je babbar kotun tarayya a Legas. Alƙalan sasancin suka ce a'a mazauni Landan ne, Mai shari'a Butcher na kotun Landan ya bar shi a haka a 2019 lokacin kuɗin ya kai wajen biliyan 9.6. Layi ɗaya da ba a rubuta da kyau ba. Alhaji wannan kai ma ya shafe ka, kar ka bari a rubuta maka sunan gari kawai, a rubuta ƙarara cewa nan ne mazaunin shari'a, a rubuta harshen da za a yi ta da shi, don in ba haka ba za ka tsinci kanka kana biyan tafinta a kan kowace wasiƙa, a rubuta alƙali ɗaya ne ko uku. Kuɗin kaya irin naku mutum ɗaya ya isa. Kuma sabuwar dokarmu da aka sa wa hannu a Mayun 2023 ta kawo abubuwa masu amfani, har da alƙalin gaggawa da zai iya hana a kwashe kaya kafin a kafa kwamitin.

Alhaji Kwari:
Na gode Hajiya, na ɗauki hoton wannan zan tura wa lauyana. Mu dai da can dattawan kasuwa ne ke raba mu kuma babu mai cajin awa.

Ɗan Abakwa:
Wani ƙaramin abu da ke haɗa faɗa a aikace, shirya shaida. Lauyan Amurka zai zaunar da shaidansa kwana biyu yana gwada masa tambayoyi da amsa, a wajensu in bai yi haka ba ma sakaci ne. Baristan Ingila ƙa'idar aikinsa ta hana shi koya wa shaida abin faɗa, iyakarsa ya nuna masa yadda zaman yake. Lauyoyin wasu ƙasashen Turai kuma a kotunansu ba su saba ko zama da shaida kafin zama ba. Duk ukun sai su haɗu a shari'a ɗaya. Kun ga ko a cikin kwamon lo ɗin ma kai ba haɗe yake ba, balle kuɗin shari'a, Ingila wanda ya faɗi shi ke biya Amurka kowa ya biya nasa.

Metir Damagaram:
Mu ma haka ne ai, Bajamushe da Bafaranshe da ɗan Suwizalan ba salo ɗaya ba ne. Mu yanzu a Nijar namu ya iso, Orano ta Faransa ta kai ƙasarmu ICSID, cibiyar sasanta rigimar masu zuba jari da gwamnatoci, a kan ma'adinan yuraniyom, Imouraren da Somaïr, kuma can ba ruwansu da kai ɗan OHADA ne, za a nemi takardu za a titsiye shaidu da salon da Hajiya ta zayyana. Abin da nake gaya wa ƙannena a nan Yamai da Damagaram shi ne su koyi yi wa shaida tambayoyi, don ba a koya mana shi a jami'a, aboka zai tashi ya yi jawabin awa guda mai daɗi amma ka ba shi shaida ka ce ga minti 40 sai ya riƙa tambayar da ke buɗe wa mutum ƙofar ba da labari.

Tsohon Barista:
To ka turo su Kaduna mu koya musu, ku kuma ku koya wa namu rubutu. Yaranmu sun saba ɓoye makami sai ranar zama, a abitireshan kuwa abin da ba ka sa a rubutunka na farko ko na biyu ba an rufe ƙofa, ranar zama babu shaidar baki ta farko, ana rantsar da mutum ya ce wannan bayanina ne sai a miƙa shi ga abokin gaba. Na ga babban lauya ya zo da niyyar ya jagoranci shaidansa awa biyu, shugaban zama ya ba shi minti goma.

Sadiq Kaduna:
Ranka ya daɗe ina nan a kan bakana ta wani ɓangare dai, in ƙasa ce ake ƙara kuma kuɗin talakawa ne, ni zan so a rubuta tun a kwangila cewa alƙalai suna da hakkin neman hujja da kansu kuma a buɗe zaman jama'a su gani.

Anti Lauya:
Na farkon ana iya rubutawa gobe, babu kamfanin kirki da zai ƙi. Na biyun ne za ka sha wuya, kuma ba daga kamfanonin kaɗai ba, ma'aikatun gwamnati da kansu ba sa so a ga abin da suka sa wa hannu. Akwai dokokin UNCITRAL, hukumar dokokin ciniki ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2014 a kan buɗe shari'a amma na rigimar masu zuba jari ne da ke ƙarƙashin yarjejeniyar ƙasa da ƙasa, ba su kama kwangila irin ta P&ID ba sai in ɓangarorin ne suka ɗauko su da kansu suka sa a ciki.